Sayyidina Umar Ɗan Khaɗɗabi: Makiyayin Da Ya Tsare Ciyawa, Ruwa Da Ƙasar Al'umma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ɗalibin da ya yi nisa a karatun Muwaɗɗa ta Imam Malik, idan ya kusa sauke littafin, zai tarar da wani gajeren babi a kan tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Labarin da ke cikin babin na kiwo ne. Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yana yi wa wani baransa mai suna Hunayyu gargaɗi a ranar da ya ɗora shi a kan tsaron wata makiyaya da hukuma ta keɓe. Mun saba jin tarihin Sayyidina Umar ta fuskar jarumta da buɗe garuruwa. A yau za mu bi rayuwarsa ta wata fuskar da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato yadda ya tafiyar da ciyawa da ruwa da ƙasar noma, da dalilin da ya sa jama'a suka yarda da tsarinsa alhali yana hana su abin da suke ganin nasu ne.

Tasowarsa A Bayan Raƙuma

An haifi Umar a Makka kimanin shekara 13 bayan Shekarar Giwa, wato wajen 584 miladiyya. Shi ɗan ƙabilar Banu Adiyyi ne, gidan da Ƙuraishawa ke ɗaukar jakadu daga cikinsa idan rikici ya haɗa su da wata ƙabila. Mahaifinsa Khaɗɗabi ɗan Nufailu ne, mahaifiyarsa kuwa Hantama ce daga Banu Makhzum. Ya iya karatu da rubutu a lokacin da masu iyawa a Makka ba su da yawa, ya yi fatauci, kuma an san shi da kokawa a kasuwar Ukaz.

Kafin duk wannan, makiyayi ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana kiwon raƙuman mahaifinsa a kewayen dutsen Dajnan, kusa da Makka. Malaman tarihi sun kawo cewa a hajjinsa na ƙarshe, da ya biyo ta wurin yana Sarkin Muminai, ya tsaya ya tuna wa abokan tafiyarsa yadda yake kiwo a nan sanye da rigar gashi, da yadda mahaifinsa yake da zafi, yakan gajiyar da shi da aiki, ya kuma doke shi idan ya gaza. Wanda ya tashi haka ya san abin da ciyawa take nufi ga mai raƙuma biyar, ya kuma san halin da gida ke shiga idan garke ya ƙare.

Ya musulunta a shekara ta shida bayan aiko Manzon Allah (SAW), kuma musuluntarsa ta ƙarfafa Musulmi har suka fito suka yi salla a fili a Ka'aba. Ya yi hijira zuwa Madina, ya halarci Badar da Uhudu da sauran yaƙoƙi, Annabi (SAW) kuma ya auri 'yarsa Hafsatu.

Gonar Khaibar

Bayan buɗe Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira, Umar ya sami wata gona da shi da kansa ya ce bai taɓa mallakar dukiyar da ta kai ta daraja ba. Ya je ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka nuna masa ya tsare asalin gonar, ya yi sadaka da amfaninta. Ya yi hakan, ya gindaya sharaɗin kada a sayar da ita, kada a kyautar, kada a gāda, amfanin kuma ya tafi ga matalauta da dangi da 'yanta bayi da ɗaukaka addini da matafiya da baƙi. Mai kula da ita yana da damar ci gwargwadon al'ada ba tare da ya tara wa kansa ba. Wannan labari, da yake cikin Bukhari da Muslim, shi ne ginshiƙin babin wakafi a fiƙihu. Duk wanda ya lura da siyasar Umar bayan ya zama halifa zai ga wannan darasi yana maimaituwa: a bar uwa, a ci 'ya'ya.

Makiyayar Rabaza

Ya karɓi halifanci a shekara ta 13 bayan hijira, daidai da 634, bayan rasuwar Sayyidina Abubakar. Cikin 'yan shekaru aka yi yaƙin Yarmuk da na Ƙadisiyya, rundunoni suka bazu a Sham da Iraƙi da Masar. Hukuma ta wayi gari da dubban dawaki da raƙuman yaƙi da na zakka. Imam Malik ya ruwaito cewa Umar yakan ɗora mutane a kan raƙuma 40,000 a shekara guda. Waɗannan dabbobi suna bukatar wurin kiwo, ƙasar Hijaz da Najadu kuwa ba ta da yalwar ciyawa.

Larabawa suna da tsohuwar al'ada ta keɓe makiyaya, suna kiranta hima, kalmar da mafi kusa da ita a Hausa ita ce hurumi. A zamanin jahiliyya ƙarfi ne ke keɓewa. Shugaban ƙabila yakan hau tudu ya sa kare ya yi haushi, iyakar inda aka jiyo haushin ya zama nasa shi kaɗai, sannan ya ci gaba da kiwo tare da jama'a a sauran filin. Irin wannan hurumi ne na Kulaibu, shugaban Taglib, wanda ya harbe wata taguwa da ta shiga cikinsa, abin da ya haddasa yaƙin Basus da aka ce ya ɗauki shekara 40. Musulunci ya rushe wannan. Annabi (SAW) ya bayyana cewa keɓe makiyaya haƙƙin Allah ne da ManzonSa, ya kuma sanar cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Shi da kansa ya keɓe Naƙi'u, kudu da Madina, domin dawakin Musulmi.

A kan wannan tafarki Umar ya keɓe Sharaf da Rabaza. Rabaza tana gabas da Madina da tazarar kimanin kilomita 200. Wasiyyar da ya yi wa Hunayyu ita ce zuciyar tsarin. Da farko ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin karɓaɓɓiya ce. Sannan ya ce ya bar mai ɗan garken raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga su yi kiwo, amma ya hana dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Waɗannan biyun suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma suna cikin manyan masu ba shi shawara. Hujjarsa ita ce, idan dabbobinsu suka mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa idan nasa suka mutu zai kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar halifa yana kuka, kuma babu yadda za a yi a kore shi. Saboda haka ba shi ruwa da ciyawa tun yanzu ya fi sauƙi ga baitulmali a kan ba shi zinariya da azurfa daga baya.

Abu na uku shi ne ya fi ban mamaki. Umar bai ɓoye wa jami'insa cewa mutanen yankin suna ganin an zalunce su ba. Ya faɗa masa cewa ƙasarsu ce, sun yi yaƙi a kanta a jahiliyya, sun kuma musulunta tana hannunsu, ya rantse cewa ba don dabbobin da ake ɗaukar mayaƙa a kansu ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba. Abu Ubaid ya kawo a littafinsa na dukiyoyi cewa wani Balaraben ƙauye ya zo ya faɗa masa wannan ƙorafi baki da baki. Umar ya sunkuyar da kai yana huci yana murza gashin baki, kamar yadda yake yi idan abu ya dame shi, sannan ya ba shi amsa da wannan hujjar. Ba a kama mutumin ba, ba a kuma ce masa ba shi da gaskiya ba.

Doka Ta Fara Daga Gida

Tsari irin wannan yakan mutu ne a ranar da jama'a suka ga dabbobin manya suna kiwo a inda aka kore nasu. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayi raƙuma ya tura su hurumi kamar yadda wasu ke yi. Da suka yi ƙiba ya kawo su kasuwa. Mahaifinsa ya gan su, ya tambayi mai su, aka gaya masa. Ya kira shi ya nuna masa cewa masu tsaron wurin za su riƙa fifita raƙumansa wajen ciyawa da mashaya saboda shi ɗan Sarkin Muminai ne, ko da bai nema ba. Ya umarce shi ya ɗauki uwar kuɗinsa, ribar kuma ta shiga baitulmali. Al'adarsa ce idan zai hana jama'a wani abu ya fara tara iyalansa, ya gargaɗe su cewa idanun mutane na kansu, kuma duk wanda ya saɓa a cikinsu zai ninka masa horo.

Haka yake yi da gwamnoni. Yakan sa a rubuta abin da mutum ya mallaka ranar naɗinsa, idan dukiyar ta ƙaru fiye da kima ya raba ta biyu ya mayar da rabi baitulmali. Wanda yake aikawa binciken gwamnoni shi ne Muhammadu ɗan Maslama, mutumin Madina, amintaccensa.

Ruwa Da Filin Da Aka Bari

Wannan amintaccen nasa ma hukunci ya taɓa faɗawa a kansa. Dahhaku ɗan Khalifa ya janyo ruwa daga Uraidu, yana so ya bi da magudanar ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama. Ya nuna masa cewa shi ma zai sha daga ruwan a farko da ƙarshe, kuma ba zai cutu ba, amma ya ƙi. Da magana ta kai ga halifa, ya lallashe shi ya sake ƙi, sai Umar ya rantse cewa ruwan zai wuce ko da ta kan cikinsa ne, aka kuma bi da shi. Labarin yana cikin Muwaɗɗa. Abin lura shi ne, an ruwaito daga Imam Malik cewa bai ga a tilasta wa mai gona irin haka a zamaninsa ba, domin amana ta ragu, kuma mai magudana zai iya wayar gari yana da'awar mallakar inda ruwansa ya bi. Hukuncin da ya yi kyau a cikin mutanen da suka amince da juna yana iya zama ƙofar ƙwace idan amincin ya tafi.

Game da fili, Annabi (SAW) ya ba Bilal ɗan Haris al-Muzani yanki mai faɗi a kwarin Aƙiƙ. Shekaru suka wuce bai iya noma shi duka ba. Umar ya tuna masa cewa an ba shi ne don ya raya, ba don ya tsare wa mutane ba. Ya bar masa abin da zai iya aikatawa, ya raba sauran ga Musulmi. An kuma ruwaito daga gare shi cewa wanda ya kewaye mataccen fili ya bar shi shekara uku bai raya ba, haƙƙinsa ya faɗi.

A wani wurin kuma ya tabbatar wa mutanen wuri da tsaron abin da suke kula da shi. Abu Dawud ya kawo labarin Hilal, na Banu Mut'an, wanda Annabi (SAW) ya keɓe masa kwarin Salaba saboda ƙudan zumansa, shi kuma yana kawo ushirin zuma. Da jami'in Umar ya rubuto yana tambaya, amsar ita ce a ci gaba da tsare masa kwarin muddin yana bayar da abin da yake bayarwa a da, in ya daina kuma kwarin ya koma na kowa.

Ƙasar Sawad

Babbar jarrabawa ta zo bayan buɗe Iraƙi. Ƙasar Sawad, mai dabino da alkama tsakanin kogunan Dijla da Furat, ta shiga hannun Musulmi. Wasu manyan sahabbai, ciki har da Bilal ɗan Rabah da Zubairu da Abdurrahman ɗan Aufu, suka nemi a raba ta ga mayaƙa a matsayin ganima, suna kafa hujja da rabon Khaibar. Umar ya ga cewa idan aka raba, ƙasar za ta tattaru a hannun gidaje ƙalilan ta hanyar gado, waɗanda za su zo daga baya su tarar babu komai, kuma a rasa abin tsare iyakoki da ciyar da marayu da zawarawa.

Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Alƙali Abu Yusuf ya bayyana a littafinsa na haraji cewa an yi kwanaki ana muhawara. Aliyu da Usman da Ɗalha suka goyi bayan halifa. Sannan ya kira dattawan Ansar goma, biyar daga Aus biyar daga Khazraj, ya shimfiɗa musu hujjarsa daga ayoyin Suratul Hashri waɗanda suka ambaci rabon masu zuwa a bayan Muhajirai da Ansar. Suka amince. Aka bar ƙasar a hannun manomanta, waɗanda suka san magudananta da lokutan shukarta, aka ɗora musu haraji. Ya aika Usman ɗan Hunaifu da Huzaifa ɗan Yaman suka auna ta, aka sami jaribi miliyan 36 a ma'aunin wancan zamani. Harajin ya bambanta gwargwadon amfanin gona: dirhami ɗaya da mudun ƙafizi ɗaya a jaribin hatsi, dirhami goma a jaribin inabi. A Basra kuma, da Ahnaf ɗan Ƙais ya kai kukan ƙarancin ruwan sha, Umar ya umarci gwamna Abu Musa al-Ash'ari ya haƙa musu ƙorama.

Shekarar Toka

A shekara ta 18 bayan hijira, daidai da 639, fari mai tsanani ya afka wa Hijaz har wata tara. Ƙasa ta yi baƙi, iska tana kwasar ƙura kamar toka, shi ya sa aka kira ta Shekarar Toka. Dabbobi suka mutu, makiyaya suka kwararo Madina da iyalansu, abin da Umar ya faɗa wa Hunayyu ya auku a idon kowa. Ya naɗa mutane a sassan gari suna ƙirga baƙi suna dafa musu abinci, ya rubuta wa gwamnoni su kawo ɗauki, Abu Ubaida ya iso daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu da nama, ya koma cin gurasa da man zaitun har fatarsa ta sauya. Ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi a shekarar, bai kuma yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata ba. Daga ƙarshe ya fita da jama'a roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi (SAW), ya yi addu'a, Allah Ya saukar da ruwa.

Da ƙasa ta yi kore sai ya sallami makiyayan da guzuri su koma yankunansu. Bayan buɗe Masar kuma ya sa Amru ɗan As ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa da ta haɗa kogin Nilu da Bahar Maliya, jiragen hatsi suka riƙa isowa tashar Jar da ke gaɓar Madina. Aka sa wa hanyar suna Mashigin Sarkin Muminai.

Rasuwarsa

Imam Bukhari ya kawo cewa kwanaki kaɗan kafin a soke shi, an ga Umar a Madina tsaye da Huzaifa da Usman ɗan Hunaifu yana tambayarsu ko sun ɗora wa ƙasar Sawad abin da ba za ta iya ɗauka ba. Suka tabbatar masa cewa tana iyawa har da rara, ya sake cewa su duba da kyau. Ya yi alkawarin cewa idan Allah Ya ja kwanansa zai wadata zawarawan Iraƙi. A rana ta huɗu, yana limancin sallar asuba, Abu Lu'ulu'a, bawan Mugira ɗan Shu'uba, ya soke shi da wuƙa mai baki biyu. Ya rasu a ƙarshen watan Zulhajji na shekara ta 23, daidai da 644, bayan halifancin shekara goma da wata shida. An binne shi a ɗakin Nana A'isha kusa da Manzon Allah (SAW) da Abubakar.

Abin Da Ya Biyo Baya

A zamanin Sayyidina Usman dabbobin zakka sun ƙaru, aka faɗaɗa hurumi, kuma wannan na cikin abubuwan da masu tayar da fitina suka riƙa yaɗawa a kansa. Ya bayyana musu cewa Umar ya riga shi keɓewa, kuma saboda dabbobin zakka ya ƙara, ba don nasa ba. Amma zargi ya riga ya sami kunnuwan saurare. Fili ɗaya ne, manufa ɗaya, abin da ya canja shi ne zukatan mutane da yardarsu da juna.

Malaman fiƙihu sun tattara darasin a cikin sharuɗɗa. A mazhabar Malikiyya, shugaba ne kaɗai ke keɓe makiyaya, sai da bukata ta gaskiya, a fili kaɗan da ba zai ƙuntata wa mutane ba, wanda babu gini ko shuka a cikinsa, kuma domin maslahar jama'a. Ƙasar Hausa ta san hurumin gari da burtali da mashaya tun da daɗewa, Jihar Arewa kuma ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Da yawa daga cikin waɗannan wurare sun zama gonaki da filayen gini, rikicin manoma da makiyaya kuma ya ci rayuka masu yawa. Mai unguwa ko hakimi ko jami'in da aka damƙa wa irin wannan amana zai sami abin dubawa a wasiyyar Hunayyu: wa aka bari ya shiga, wa aka fara hanawa, an saurari ƙorafin masu wuri ko an toshe shi, kuma dabbobin gidan mai hukunci suna ina.

Allah Ya ƙara wa Sayyidina Umar yarda, Ya ba shugabanninmu ikon tsare amanar ƙasa da ruwa, Ya zaunar da garuruwanmu da dazuzzukanmu lafiya. Amin.